Rigimarmu da Shef a kan Injin Haɗa Waya

A ƙarshen shekarun tamanin aka tura ni wani ƙaramin gidan waya a ƙasar Adar, bayan na dawo daga sitaji, wato horon aiki, a ƙasar waje, inda na koyi aikin ordinatar, wato kwamfuta. Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Azarori, don haka da na ga takardar na yi murna. Na ce ga ni kusa da gida, in an samu hutu in hau mota in je in gaida tsohuwata.

Shugaban sashen gyara a wurin, wanda kowa ke ce wa Shef, dogon mutum ne da ya haura hamsin, tafin hannunsa duk kanta. Shi ya ja wayar da ta bi ta kan duwatsu zuwa gefen Buza da gefen Kaita tun shekarun saba'in, lokacin da a wasu wurare sai da raƙuma ake kai masa turaku. Ya san kowane turke da inda aka kafa shi. Ordinatar ce bai sani ba, kuma ba ya son a san bai sani ba.

Ranar da na fara shiga bironsa, wato ofishinsa, na miƙa masa takardata, bai ce in zauna ba.

"Kai ne injiniyan da anka aiko muna?"

"Ni ne, Shef."

"Ɗan wane gari?"

Na faɗa masa ƙauyenmu. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya yi wani murmushi.

"Af, na san ku. Ba kakanninku ne ka yi ma mutanen arewa kiwo ba? To madalla. Yanzu kuma ordinatar za ka kiwata muna."

Ma'aikata biyu da ke wurin suka yi dariya. Gaskiya ne kakana ya yi kiwon bisashen wasu, kuma ba da son ransa ba. Amma mahaifina gonarsa yake nomawa, kuma tun ina lakwal, makarantar boko, ba wanda ya taɓa jefa mini wannan magana a fuska. Na haɗiye, na ce ina ɗakin injin yake.

Aikin da ya kawo ni shi ne wannan. Injin da ke haɗa kiran mutane, wanda muke ce wa santiral, yana da ordinatar a cikinsa da ke sauraron layuka, tana karɓar lamba, tana haɗa mai kira da wanda ake kira. Zafi ya cinye tsohuwar ordinatar, kuma an daina ƙera irinta. Aka kawo sabuwa ta wani samfuri dabam. Furogiram ɗin da ke haɗa kira ba zai yi aiki a kanta haka kawai ba, sai an ɗauke shi an gyara shi an dasa. Kuma furogiram ba ya zama shi kaɗai. A ƙarƙashinsa akwai wani babba da muke ce wa sistem, shi ne mai rabon aiki a cikin na'ura, shi ke cewa wannan aiki ya shiga yanzu, wancan ya jira.

Sistem biyu aka aiko mana daga Yamai a cikin kwalin disket, da wasiƙa cewa mu gwada mu zaɓi ɗaya, Shef ya sa hannu. Ɗaya babba ne, sananne, wanda ake amfani da shi a manyan birori. Yana da kyau ƙwarai, mutane da yawa suna iya aiki a kansa lokaci guda, kuma yana raba lokaci daidai tsakanin ayyuka, kowa da rabonsa. Ɗayan ƙarami ne, ba shi da ado, littafinsa ma siriri. Abu ɗaya ya iya: in aiki mai gaggawa ya zo, yana yar da duk abin da ke hannunsa nan take ya saurare shi.

Na yi wa Shef bayani a tsaye, da alli a jikin ƙofar ƙarfe. Wayoyin lokacin masu faifai ne, ka sa yatsa ka juya. In ka juya bakwai, bugu bakwai ne ke bi ta waya da sauri, ɗaya bayan ɗaya. In na'ura ta shagala da wani aiki ta rasa bugu ɗaya, bakwai ta zama shida, kira ya tafi gidan wani. Na ce masa aikin waya ba ya son adalcin rabon lokaci, yana son mai tashi da an taɓa shi. Na ce ƙaramin ya kamata mu ɗauka.

"Babban na gani Yamai," in ji shi. "Shina aiki lahiya lau."

"A biro ka gan shi, Shef, ba a santiral ba."

"Kana nuhin ban san bambancin biro da santiral ba?"

"Ban ce haka ba."

"Tun kana bin awaki nike hawan turke. Babban za a sa. Na gama magana."

Ya sa hannu a ranar, bai jira gwaji ba. Daga baya na fahimci cewa da na ce babban nake so, da ƙaramin zai zaɓa.

Na yi aikin kamar yadda aka umarce ni. Dasa furogiram aiki ne na haƙuri. Na buga shi duka a takarda, tulin da ya kai tsawon kamu ɗaya, na bi shi layi-layi da fensir. Duk inda yake roƙon wani abu daga sistem, ko ya tambayi lokaci, ko ya nemi wurin ajiya, ko ya aika saƙo ga wani sashensa, sai in zagaye wurin. Dabara ɗaya na yi wadda ta cece ni daga baya. Maimakon in gyara kowane wuri shi kaɗai, sai na tattara duk roƙe-roƙen nan na sa su bi ta ƙofa ɗaya, wani ɗan sashe da na rubuta da hannuna. Shi kaɗai ke magana da sistem. Wata biyu na yi a kai.

Muka kunna sabon injin cikin sanyi, lokacin da kira ba shi da yawa. Ya yi aiki. Shef ya riƙa shigo da baƙi ɗakin yana nuna musu, yana cewa da ya bi ta tawa da an sa musu abin wasan yara. Ni ma na fara shakkar kaina.

Sai bazara ta zo, aka fara cirar albasa. 'Yan albasa suka cika gari, kowa yana neman kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, kowa yana kiran abokin cinikinsa a Abijan ko a Yamai. Matan da mazansu suka tafi cirani suna zuwa gidan waya su yi layi. Nan lambobi suka fara ɓata. Mutum ya kira ɗan'uwansa, mahauci ya ɗauka. Ba kullum ba, kuma ba a layi ɗaya ba, shi ya sa abin ya yi wuyar kamawa. In na zauna na gwada sau ashirin, sau ashirin ya tafi daidai. Da na juya baya wani ya shigo yana zagi.

Wata safiya wani manomi a gefen Kaita ya faɗa rijiyar da suke haƙa, ya karye a ƙugu. Manjon likitar ƙauyen, wato babban ma'aikacin ɗakin shan magani, ya kira don a aiko motar marasa lafiya. Sau uku yana juya lamba, sau uku tana faɗawa shagon wani mai sayar da buhuna, wanda a na ukun ya zage shi ya kife wayar. Sai da manjon ya nemi sitandar, wato tsohon allon da ake haɗa kira da hannu, kafin aka samu masu motar. Motar ta makara ƙwarai. Mutumin ya rayu, amma bai ƙara tafiya daidai ba.

Bayan kwana huɗu wansa ya zo gidan waya, rawaninsa duk ƙura, yana tambayar wanda ke da injin. Ina tsaye a tsakar gida ina wanke hannu. Da kunnena na ji Shef ya ce masa, "Ga shi can. Shi ya taɓa shi. Mu da can lahiya muke."

Mutumin ya zo ya ci kwalata da hannu biyu. Ƙaƙƙarfa ne, irin masu fasa dutse. Ya jijjiga ni har maɓallan rigata suka zube.

"Ƙanena ya wuni bakin rijiya shina kuka, kai kana nan cikin sanyi! Mi munka yi maka?"

Me zan ce masa, sistem? Mutane suka raba mu. Shef yana bakin ƙofarsa, hannuwa a baya, bai motsa ba. Cikin makon ya rubuta rafor, wato takardar ƙara, zuwa Yamai cewa na lalata santiral saboda rashin sanin aiki da girman kai. Sakatarensa ne ya gaya mini, shi ma ba don tausayi ba, don ya ga fuskata. A kasuwa mai nama ya daina amsa gaisuwata. Maganar ta kai har Azarori, tsohuwata ta aiko a tambaye ni ko gaskiya ne na kashe mutum.

Mai riƙe da sitandar wata dattijuwa ce da muke ce wa Hajiya. Ta fi shekara ashirin a gaban allon nan, ta san muryar kowane mai waya a yankin. Ta tsane ni tun ranar farko, domin ta san in sabon injin ya tsaya da ƙafarsa, aikinta ya ƙare. In na gaishe ta, kai kawai take ɗagawa. Wata rana da hantsi ina wucewa ta kira ni.

"Kai, ɗan lakwal. Zo nan."

Na je na rusuna.

"Kunnuwanka na aiki?"

"Suna yi, Hajiya."

"Ba su yi. Wancan abin naku mai ƙara, mai fidda takarda. Duk sa'ad da ya tashi da hayaniyatai, kahin ya yi shiru sai an kira ni ana zagi. Wata guda ina ji. Kai da anka kai ƙasar waje ba ka ji ba."

Ampirimant take nufi, na'urar da ke buga rahoton layuka. In kira ya yi yawa, rahoton yakan yi tsawo, sistem ya ba shi rabonsa na lokaci cikakke, a cikin wannan ɗan tsakanin bugun lamba ya wuce ba wanda ya ji. Abin da na faɗa tun farko ne, amma ni da na faɗa ban gane shi ba da ya zo.

Na ce, "Na gode, Hajiya. Allah ya saka."

"Kada ka gode mani. Ba don kai na yi ba. Na gaji da shan zagin da ba ni na jawo ba." Ta mayar da abin sauraro kunnenta, ta juya mini baya.

Na tafi wurin Shef na ce a kashe ampirimant da rana, kuma a bar ni in koma kan ƙaramin sistem. Ya ce rahoto doka ne, ba a kashe shi. Ya ce in na ƙara taɓa injin sai ya kira mini jandarma. Ya sa aka canza kwaɗon ɗakin, ya rataya mabuɗin a wuyansa. Kullum da safe ya buɗe mini, ya tsaya a kaina in duba zafin ɗaki da batura, ya rufe.

Tulin takarduna suna gida, wannan bai iya rufewa ba. Bayan azahar, in gari ya yi tsit saboda rana, sai in shimfiɗa tabarma a zaure in buɗe siririn littafin ƙaramin sistem. Da yake duk roƙe-roƙen furogiram ta ƙofa ɗaya suke bi, ƙofar nan kawai zan sake rubutawa, sai kuma jerin fifiko: sauraron bugun lamba a sama da kowa, haɗa kira a bayansa, rahoto can ƙasa, ya yi in an samu sarari. Na rubuta shi duka da fensir ba tare da na'urar da zan gwada ba. Gumi yana ɗiga a takarda, ina gogewa da gefen riga. Ban yi aikin nan da zuciya mai kyau ba. Abin da ke tura ni shi ne in ga ranar da Shef zai ji kunya.

Rafor ɗinsa ne ya kawo ranar. Aka aiko sufeto daga Yamai, wani siririn mutum mai tabarau, marar yawan magana. Ya saurari Shef awa guda. Sannan ya juyo ya ce mini me zan ce. Na ce ba ni da magana, gwaji nake roƙo. Na sa aka kawo waya biyu cikin ɗakin injin. Na ce ya juya lamba da hannunsa. Ya juya sau goma, duk suka shiga. Sai na tashi ampirimant, na ba ta dogon rahoto, na ce ya sake. A juyi na uku ɗaya wayar da ke gabansa ba ta yi ƙara ba, sai muryar wata mata ta fito tana cewa wa ke nan. A na bakwai ma haka. Ya sa aka kashe ampirimant, lambobi suka dawo daidai.

Ya cire tabarau ya tambayi Shef wa ya zaɓi sistem ɗin, kuma ina sakamakon gwajin da wasiƙa ta ce a yi. Shef ya fara magana a kan zafi da ƙura da tsufan wayoyi. Da na yi shiru a nan da ya fi. Amma na buɗe baki, da Faransanci don sufeto ya ji da kyau, na ce, "Shef ya san turke, ranka ya daɗe. Sai dai wannan injin ba a hawansa da igiya."

Ba wanda ya yi dariya. Sufeto ya dube ni kallon da ban ji daɗinsa ba. Shef ya ciro mabuɗin daga wuyansa, ya ajiye a kan tebur a hankali, ya fita.

Aka ba ni izinin komawa kan ƙaramin sistem. Sati uku na yi ina shigar da abin da na rubuta, ina gwadawa a ranakun Juma'a da rana lokacin da layuka suka fi sauƙi. Da muka kunna, lamba ba ta ƙara ɓata ba, ko ampirimant tana ta ruri. Sai dai wata matsalar ta fito, kuma wannan tawa ce ni kaɗai. Sistem ɗin biyu ba iri ɗaya suke ƙidayar lokaci ba, ni kuwa a wuri ɗaya na manta ban juya lissafin ba. In mutum ya ajiye waya, layin ba ya sakuwa sai bayan dogon jira. Kafin la'asar layukan gefen Buza duk sun cushe, ba mai shiga ba mai fita. Kwana biyu Hajiya tana haɗa kiran yankin da hannu tana tsine mini a fili. Shef ya fito da kujera tsakar gida ya zauna, duk wanda ya shigo da ƙorafi sai ya nuna masa ƙofar ɗakina da baki. A rana ta uku na gano wurin, layi ɗaya ne tak a cikin tulin takardun. Na gyara, injin ya zauna.

Ba wanda ya ce mini sannu. Mai nama ya dawo amsa gaisuwa, shi ke nan. Bayan 'yan watanni aka rufe sitandar, aka mayar da Hajiya gaban kanta tana sayar da tambur na wasiƙa. In na zo wucewa sai ta sunkuyar da kai cikin aljihun tebur. Ni da Shef muka shekara muna aiki a gida ɗaya ba mu yi magana baki da baki ba. In yana son abu ya rubuta a guntun takarda ya ba sakatare, ni ma haka. Rafor ɗinsa bai fita daga dosiyena, fayil ɗin aikina, ba, kuma sufeto ya ƙara nasa layin a ƙasa, cewa na san aiki amma ba na girmama na gaba. Wannan layin ya bi ni wurare da yawa. Da damina ta biyu aka ɗauke ni aka kai ni gabas, nesa da gida.

Na je ƙauyen mutumin da ya faɗa rijiya sau ɗaya kafin in tashi. Na same shi zaune a gindin bango yana tufkar igiya. Na faɗa masa ko ni wane ne. Ya ce Allah ya riga ya rubuta, ya sa aka kawo mini ruwa. Wansa yana gefe, bai miƙo mini hannu ba har na tafi.

Shekaru da yawa bayan haka na ga Shef a tashar Tawa, ya yi ritaya, ya rame, yana zaune a kan buhun gero yana jiran motar Buza. Na daɗe a tsaye ina shawara. Maganar da na yi masa a gaban sufeto ta daɗe tana damuna, duk da ban manta tasa ba. Na je na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana.

Ya dube ni sosai. Na ga ya gane ni.

"Ban san ka ba," in ji shi.

"Shef, ni ne wanda muka yi aikin santiral tare."

"Ni ban yi aiki da kai ba."

Ya kira mai ɗaukar kaya ya ce a ɗora masa buhunsa. Na tashi na kakkaɓe gwiwata, na koma wurin motarmu, wadda ta kusa cika.